Keken Baba Mai Shuɗin Akwati

Har yau ba na son warin katako mai fenti idan yana cin wuta. Shekaranjiya na bi ta bayan tasha a Bolari, wata mai tuyar awara ta cusa guntun tsohon ƙyaure a murhu, hayaƙin ya shige mini hanci. Sai da na sauka daga keke na tura shi da hannu har na fita daga layin. Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi nisa a karatu ba. Za ka ji dalili.

Gidanmu a Bolari yake, gidan gado. Kakanmu ne ya gina shi da ya zo fatauci daga ƙasar Katsina. Ya bar 'ya'ya maza biyu, Baba da ƙaninsa da muke kira Bappa. Bappa ya yi boko, ya samu aikin ofis, ya tashi daga gidan, ya sayi mota. Baba bai yi boko ba. Sana'arsa kai wa masu shago kaya a keke: buhun gari, katan ɗin sabulu, jarkar manja, duk abin da aka ba shi.

Mu biyu ne 'ya'yan Inna da muka rayu, ni da ƙanwata. Tana shekara uku shan inna ya kama ta, ƙafafunta biyu suka shanye. Da hannu take jan jiki a tsakar gida. Amma ba wanda ya kai ta kai a gidan nan. Abin da aka faɗa sau ɗaya a gabanta ta riƙe shi ke nan.

Da ta isa shiga makaranta, dangi suka ce a bar ta a gida, ina gurguwa ina boko. Baba bai bi ta tasu ba. Ya tura kekensa wajen wani mai walda, Ibo, da ke da rumfa kusa da masu gyaran babur, ya yi masa bayanin abin da yake so.

"Malam, ni ba na aiki da ka," in ji mai walda. "Je ka kawo yarinya in auna ta."

Baba ya goyo ta ya kawo. Mutumin ya zaunar da ita a benci, ya auna ta kamar tela, har inda ƙafar take lanƙwashewa. Ya cire ƙafar keken ta gaba, ya haɗa biyu a madadinta, ya ɗora akwatin katako a tsakaninsu. A cikin akwatin ya yi ɗan benci, ya kafa wani katako da zai tare ƙafafunta kada su zame. Ƙararrawa ma a jikin akwatin ya ɗaura ta, ba a wajen Baba ba. Ya tambaye ta irin fentin da take so. Ta ce shuɗi.

Baba yana da tsari a lodi, kuma ba ya sake shi. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, daidai kan ƙarfen da ya haɗa ƙafafun biyu. Ƙanwata a kan bencinta, tana kallon hanya. Ni a gefen da ya fi rashin nauyi. In jarkar manja tana dama, ni ina hagu. Sai ya bi komai ya ɗaure da igiyar roba. In na yi motsi a kwana, ranƙwashi zan ji a ƙeya. Da bazara yana shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a kan katakon saboda zafi, muna tafe muna jin warin buhu da na sabulu. Da damina ya kafa sanduna biyu ya ja leda a kanmu, shi kuwa ruwa ya ƙare a kansa. Ƙanwata ce ke buga ƙararrawa, ko da ba kowa a hanya.

Kafin ta shiga makaranta, da gawayi Baba yake yi wa kayan mutane alama, don ba ya karatu. Kafin shekara ta zagayo ita take karanta masa sunan da ke jikin katan. Ya daina yawo da gawayi a aljihu. Ita ce ta ɗaya a ajinsu, ni kuwa a tsakiya nake, ba yabo ba duka.

Bappa ya tsani keken nan. In motarsa ta same mu a hanya sai ya ɗaga gilashi. Wata Juma'a ya zo gaida Baba, ina zaune na ji shi.

"Yaya, kana yawo da yarinya a akwati kamar mai tallan burodi. A ofis nuna ni ake yi."

"To ka riƙa zuwa da motarka kana kai ta," in ji Baba.

Bappa ya ce hanyarsa daban. Maganar ta tsaya nan.

Daminar da nake aji huɗu, ƙusa ta soki Baba a tafin ƙafa. Ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, ya kwanta. Masu keke suna da yadda suke ajiya in za a daɗe ba a hau ba. Ba a barin keke tsaye a kan tayarsa, taya tana tsagewa, danshi yana cin ƙarfe. Daga kwance Baba ya yi ta ba ni umarni. Na sace iskar tayoyi. Ni da Inna muka kwance akwatin muka jingina shi da bangon zaure. Na shafe ƙarfen da baƙin mai, muka rataye shi da igiya biyu a jikin azara. Baƙo in ya gani zai ce tarkace ne. Wanda ya tashi a gidan masu keke ya san ajiya ce. Bappa a gidan ya tashi.

A cikin wannan daminar Bappa ya dawo daga Makka. Ya ce a gidan gado za a yi walima, don manyan ofishinsu za su zo. Ranar da safe aka aike ni aron tabarmi gida gida. Ina can Bappa ya shiga zaure ya ce a share shi tas. Ya kira masu sayen tsohon ƙarfe da ke wucewa, ya ce su sauke abin nan su tafi da shi. An kwana ana ruwa, itace ya jiƙe, masu girki suna ta ƙorafi wuta ta ƙi kamawa. Bappa ya nuna musu akwatin, ya ce ga busasshen katako nan.

A gaban ƙanwata aka faskara shi. Ta ja jiki cikin taɓo ta kama ƙasan rigarsa.

"Bappa, kujerata ce."

"Za a saya miki wadda ta fi ta," ya ce. "Ku ɗauke ta daga hanya, baƙi sun kusa."

Inna tana ɗaki tana wanke wa Baba ƙafa. Kafin ta fito an gama. Matan dangi suka riƙe ta, suka ce yau ranar farin ciki ce, kada ta tayar wa majinyaci da hankali.

Na dawo da tabarmi a ka, na ji wani irin wari a tsakar gida, ban kula ba. Aka zuba mini shinkafa da nama. Rabona da nama tun kafin Baba ya kwanta. Na cinye, na suɗe kwanon. Sai da na kai kwano wajen wanke-wanke na ga guntun katako a bakin murhu, rabi toka, rabi shuɗi. Na ci shinkafar nan. Wannan har yau ban yafe wa kaina ba.

Ba a gaya wa Baba ba. Da kaka ta yi ya samu sauƙi. Ranar da ya fara takawa, ya dogara sanda ya nufi zaure, ya ce in biyo shi da famfon iska. Ya tarar da igiya biyu suna reto. Kalma ɗaya ya faɗa: "Wa?" Inna ta gaya masa.

Dattawan unguwa suka shiga maganar. Bappa ya ce shi ya ɗauka tarkace ne, kuma zai sayi sabo. Suka ce wa Baba ƙaninka ne, ga shi alhaji, ka yi haƙuri. Baba ya yi. Sabon bai zo ba, Baba kuma ba mai tambaya sau biyu ba ne. Ya koma dako a kasuwa, yana ɗaukar buhu a ka da ƙafar da ba ta gama warkewa ba. Shekara uku ya yi a haka, ya rasu.

Zango ɗaya na yi ina goya ƙanwata zuwa makaranta. Hanya da nisa, ita tana girma, ni ban fi ta ƙarfi da yawa ba. Kullum a makare muke isa, a dake ni, ita a bar ta tana kallo. Wata rana ta ce in sauke ta, ba za ta ƙara zuwa ba. Ta sa littattafanta a kwalla ta rufe. Ba a daɗe ba ni ma na bari, na bi Baba kasuwa. Yarinyar da ta fi kowa a ajinsu, ɗinkin hula take yi a ƙofar zaure har yau. Waɗanda ta fi ƙoƙari a aji suna wucewa a mota suna ɗaga mata hannu.

Na tura baro. Na tura kurar ruwa. Na yi shekaru a haka kafin in je wajen ɗan mai waldan nan, don uban ya rasu, na zayyana masa keken Baba, ya haɗa mini irinsa. Ban yi masa fenti ba. Da farko dariya ake yi mini. Da man fetur ya yi tsada dariyar ta ɗauke. Yanzu masu mota sun lulluɓe motocinsu da tampol, suna miƙo mini 'ya'yansu da safe. Yara huɗu nake kaiwa makaranta, in wuce da kayan shago har unguwar Malam Inna, in dawo in ɗebo su da azahar.

Bappa ya yi ritaya, yana gidansa a Barunde. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Motar tana kan duwatsu, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. 'Ya'yansa suna wasu garuruwa, sai waya. Ruwa ya zaizaye layinsu, abin da ya rage na hanya bai fi faɗin tabarma ba, masu Napep a bakin titi suke tsayawa. Likita ya ce sai an riƙa kai shi asibiti gashi duk Litinin da Alhamis. Matarsa ta aiko mini, wai in taimaka don zumunci.

Ban amsa ba sai da na gaya wa ƙanwata. Ba ta ɗaga kai daga hular ba.

"Yaya, ka ɗauko shi," ta ce. "Amma ta nan za ka biyo."

Bolari ba ta kan hanyar asibitin. Na ce to.

Da hantsi na je. Na cicciɓe shi, ba nauyi. Na zaunar da shi a tsakiyar akwati, daidai kan ƙarfe, na ɗaure shanyayyiyar ƙafar da igiyar roba kada ta zame. Ya ce in bi ta lungu. Na bi ta babban titi, na ratsa ta gaban tasha, a hankali. Wani ɗan acaba ya ɗaga murya: "Maigida, yau Alhaji ne lodin? Ina za a sauke shi, shago ko sito?" Aka kwashe da dariya. Bappa ya ja hula ya rufe ido.

Na tsaya a ƙofar gidanmu. Ƙanwata tana zaune a tabarmarta. Ta ajiye allura, ta dube shi tun daga kai har ƙafar da na ɗaure.

"Ina kwana, Bappa. Ya jiki?"

Ya amsa, bakin bai fita ba.

"Ka riƙe gefen da kyau," ta ce. "Akwai gargada a gaba. Na san hanyar."

Ta ɗauki allurarta, ni kuma na taka.

Haka muka yi ranar Alhamis, haka Litinin. A mako na uku da na tsaya, Bappa ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Yawu na zuba a gefen bakinsa ya ce, "Ki yafe mini."

Masu sayen hula biyu suna tsugune a wurin.

"Me ka ce, Bappa? Ban ji ba."

Ya maimaita da ƙarfi, har mai shayin tsallake ya juyo.

"Na ji," ta ce. "Ku je kada ku makara."

Tun daga ranar, duk zuwa sai ya faɗa. Duk zuwa amsar ke nan.

Gombe ta sake. Abin da aka ƙona don kada baƙi su gani, yau ma'aikata masu takalmi suna tsayar da ni a hanya suna tambayar inda ake haɗa shi. Na ga gurguwar yarinya a wani irinsa, ubanta yana takawa, ba wanda ya ko waiwaya. Na ji daɗi, amma bai dawo mana da komai ba. Baba yana maƙabarta. Ƙanwata ta yi furfura a ƙofar zaure.

A unguwa yabona ake yi. Liman ya kafa misali da ni, wai ga ɗan da ya riƙe zumunci. Ban gyara masa ba. Gaskiya ne ban taɓa fashin zuwa ba, ko da ruwa ake yi. Ban taɓa barin rana ta dake shi ba, ina shimfiɗa masa jiƙaƙƙen buhu. In mun zo gargada sauka nake yi in tura a hankali. In maganinsa ya ƙare ni nake tuna wa matarsa. Ina so ya daɗe.