Tudun Bilki

Wata Asabar da hantsi, a daminar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baffa Lawan ya zo unguwarmu ta Yakasai ya ɗauke ni in je in ga sabon gidan da suka koma a wani rukunin gidaje da ke bayan gari. Ƙanin mahaifina ne, 'yarsa Bilki kuma sa'ata ce. A ɗakin kakarmu Iya muka tashi ni da ita, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Baffa ya sauke ni a bakin get ya wuce kasuwa, ni kuwa ban kalli fentin gidan ba, ban kalli tagogin gilashi ba. Abin da ya tsone min ido shi ne wani daɓen siminti a ƙofar gidan, sumul da shi, daidai tsawon mota ɗaya, an zana 'yar gala-gala a kansa da farin alli, layukan a miƙe sambal. Bilki na tsaye a gefe tana jujjuya wani ɓallen tayil shuɗi a hannu tana murmushi. Wallahi tun kafin mu gaisa na ji ƙyashi ya kama ni.

Sai kun san lungunmu za ku gane abin da ya same ni. Lungun gidanmu mota ba ta shiga, ko mai kurar ruwa sai ya yi dabara kafin ya sha kwana. Kayan amarya a ka ake shigo da su, mara lafiya a goye ake fita da shi. In mun dawo daga makaranta mun kai niƙa, mun yi wanke-wanke, sai mu samu ɗan sarari kafin lokacin Islamiyya mu zana gala-galarmu da tsinke a ƙasa. Ba ta kwana. Ko akuya ta bi ta kai, ko ruwan kwata ya malalo, ko wani dattijo ya ratsa da takalminsa zai tafi masallaci. Abin jifar ma fasasshen kasko ne, in ka wurga shi da ƙarfi ya rabe biyu. A wannan lungu Baffa Lawan ya sayi mota, ya rasa inda zai kai ta. Can bakin titi yake barinta, tafiyar da sai ka yi gumi, yau yara sun karce fenti da ƙusa, gobe an cire madubi. A wuni sai ya je duba ta sau uku. Iya takan ce, "Lawan ya fi tunanin motar nan a kan cikinsa." Shi kuma maganarsa kullum ɗaya ce: "Ni dai in samu inda zan leƙo ta taga in ga motata." Abin da ya fitar da shi daga gidan da aka haife shi ke nan, ya tafi min da Bilki.

Daga ranar nan na zama 'yar zuwa hutun ƙarshen mako, kuma duk zuwa sai na dawo a cike fam. Ba na ɓoyewa, ƙyashi nake yi, ƙyashi mai hana cin tuwo. Me ya sa Bilki za ta zana gala-gala ranar Litinin ta tarar da ita ranar Juma'a? Da safe Baffa zai ja motarsa, daɓen ya zama nata ita kaɗai har magariba. Na tambayi Babanmu, wanda tela ne, yaushe zai sayi mota mu ma mu koma. Ya buga keken ɗinkinsa ya ce, "Ga tawa nan, Hajo, kuma ba ta taɓa neman wurin kwana ba." Kowa ya yi dariya ban da ni. Na sato guntun alli a aji na zana gala-gala a daɓen zaurenmu, inda baƙin Baba ke sallah, Umma ta ja min kunne har sai da na ga taurari, ta sa ni na goge da tsumma. Na bi juji uku ina neman ɓallen tayil irin na Bilki, ban samu ba. Abin da ya fi ci min rai, yarinyar nan ta iya wasan. In ta ɗage ƙafa ɗaya tana tsalle kai ka ce ba ta da nauyi, ba ta taɓa taka layi, jifarta ba ta kuskure. A wasan, wadda ta gama zagaye sai ta ci gida, ta yi masa alama, ba mai sake taka shi sai ita. Kafin in ci ɗaya ta ci uku, in tsaya ina tsallake gidajenta kamar baƙuwa.

Shi kuwa Baffa, hutun da ya je nema bai daɗe ba. Waɗanda suka gina rukunin wurin mota ɗaya suka yi wa kowane gida, kamar an ce musu ba mai ƙara saya kuma ba mai yin baƙo. Kafin shekara ta zagayo matarsa, Mama Rabi, ta samu tata ƙaramar motar ta zuwa koyarwa, maƙwabcin dama na da biyu, na hagu ɗansa ya dawo da wata. Titin dama ɗan siriri ne, babu gefen da aka ware wa masu tafiya a ƙasa, sai motoci suka jeru hagu da dama suka bar wata 'yar hanya a tsakiya. Baffa ya samo bulo biyu da tsohuwar taya ya riƙa tare gaban gidansa da su, in ya dawo ya tarar an ture an yi fakin, sai ka ji muryarsa har ƙarshen layi. Dattawa masu sallah a sahu ɗaya suka daina gaisawa a kan taku biyar na kwalta. Da labari ya kai wa Iya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ashe lungun ya bi shi can. Yaran rukunin an koya musu su duba hagu su duba dama kafin su fita. Ni ba wanda ya koya min, don me za a koya min? 'Yar lungu ce ni, abin da na sani zai iya buge mutum bai wuce rago da mai keke ba, mai keke kuwa in ya gan ka sauke ƙafa yake yi. Har ga Allah na ɗauka mota ma haka take.

Sai Mama Rabi ta haihu, aka sa suna. Dangi suka ɗebo daga cikin gari, ga abokan kasuwar Baffa, ga malaman makarantarsu Mama Rabi. Bayan la'asar ko allura ba ta da wurin faɗuwa a layin nan, motoci har bakin kwata, wasu sun hau kan na wasu. Daɓen Bilki an kafa tukwane a kai, don haka muka samu wani ɗan gibi tsakanin motoci biyu a gefen kwalta muka zana gala-galarmu a ciki. Akwai 'yan lungunmu huɗu da suka biyo iyayensu, waɗanda na daɗe ina cika wa baki cewa ni nake cinye Bilki a kan simintin nata. Ai kuwa a gabansu ta ci gida uku, ni ko ɗaya. Suka dinga kallona suna ƙunshe dariya, ɗaya ta ce, "Hajo, ina cin da kike yi?" Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Bilki ta jefa tayil ɗinta ya sauka a gidan farko, ta tsallake shi ta yi gaba da ƙafa ɗaya, ta ba ni baya. Idon kowa na kan ƙafarta, ana jiran ta taka layi. Na sunkuya na ɗauke tayil ɗin na wurga shi ta saman mota, ya faɗa tsakiyar titi. Niyyata ta neme shi ta rasa, ta yi kuka a gaban mutane, shi ke nan.

Tayil ɗin ya yi ƙara a kan kwalta, Bilki ta sauke ƙafa ta fita da gudu ta tsakanin motocin nan biyu, waɗanda duk sun fi ta tsawo. Wani baƙo ne ke tahowa, ya zagaya layin sau biyu yana neman inda zai tsaya, kansa a juye gefe yana leƙen gibi. Ba gudu yake yi sosai ba. Na ji ƙarar birki, na ji wani ƙas, sai salati ya tashi ta ko'ina. Mata suka fito ba mayafi, Baffa ya ɗauke ta a hannu yana kiran sunanta, ga motarsa a gabansa amma an tare ta gaba da baya, sai a motar mutumin da ya buge ta aka kai ta asibiti. Ƙafar dama ce ta karye a cinya, ƙafar da take tsalle da ita. An ce da ƙyar aka buɗe hannunta, tayil ɗin na ciki.

Kowa ya samu wanda zai ɗora wa laifi. Wasu suka ce direba, wasu suka ce masu ginin, Baffa ya ce shi ne da ya kawo iyalinsa inda yaro ba shi da wurin wasa. Ba wanda ya tambayi yadda tayil ya je tsakiyar titi, ni kuma na ja bakina na yi gum. Likita ya ce sai an cire ɗaurin za a san yadda ƙashin ya haɗu. Iya ta ce a kawo mata jikarta, aka goyo Bilki daga bakin titi har ɗakinmu na da. Ni nake yi mata fifita, ni nake kai mata ruwa, kuma kowace sallah sai na roƙi Allah ya miƙar da ƙafar nan, don a tunanina in ta warke sumul to ban yi komai ba. Amma ku ji halin zuciya. Ina wannan addu'a ina ƙyashin gadon Iya da aka ba ta, ina ƙyashin dafaffen ƙwai da lemon da masu dubiya ke kawowa. Da aka ce mutanen rukunin sun haɗu sun yi wani tudun siminti a titin don motoci su rage gudu, yara na kiransa Tudun Bilki, sai da na shiga bayan ɗaki na yi ƙwafa. Har tudu aka yi mata! Ranar da aka dawo daga cire ɗaurin, ta tsaya a tsakar gida, duk muka zuba ido. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, kafaɗarta na karkata. Ƙafar ta gajarta. Iya ta ce, "Alhamdu lillahi, tunda tana takawa." Da kowa ya watse Bilki ta dafa bango ta ɗage ƙafar hagu ta gwada tsalle ɗaya, ta zube. Ba ta sake gwadawa ba, ni ma daga ranar ban sake zana gala-gala ba.

Yau ni ce a rukunin gidaje, na samu abin da na yi wa kuka. Motarmu biyu, wurin ajiyewa ɗaya, kuma kar ku yi dariya, ina da bulo biyu a ƙofar gida. 'Yata ba ta taka wajen get sai da hannunta a nawa, wasanta duk a waya yake. Bilki kuwa a cikin gari ta yi aure, a unguwar Soron Ɗinki, ta ce ba za ta zauna inda mota ke isa ƙofar gida ba. Da ƙaramar sallar da ta wuce na je mata yawon sallah, na sha zagaye kafin in samu inda zan bar motar, na taka zuwa lungunsu. Yara mata sun cika shi, sun zana gala-gala da tsinke, ba mai tsaronsu, ba mai ce musu a kula. Tsohon ƙyashin nan ya sake taso min. Bilki ta fito ta tarye ni da ɗingishinta, daidai lokacin da 'yarta ta wurga abin jifa ya sauka kusa da ƙafata. Shuɗi ne, gefensa ya sha hannu har ya yi santsi. Na ƙura masa ido.

"Kin gane shi ko?" in ji Bilki. "Ai na ga lokacin da kika wurga shi, Hajo. Na waiwayo ke nan."

Na ce, "Shekara da shekaru kin sani, ba ki faɗa wa kowa ba?"

Ta ce, "In faɗa a hana ki zuwa? Ke kin ɗauka daɗi nake ji a kan simintin nan? Daga Litinin zuwa Juma'a ni kaɗai nake tsallena, ina jiyo ku a raina kuna ihu a lungu. Asabar kawai nake jira."

Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki tayil ɗin ta miƙa wa 'yarta, ta ja hannuna muka shiga ciki. Na so in ce ta yafe min, kuka ya riga ni. Ashe duk shekarun da na yi ina ƙyashin daɓenta, ita lungunmu take so, kuma da ƙafarta ta biya kafin ta dawo cikinsa.