Ƙafar Baba Tana Taka Iska

An sauya wa tsohon nan inji da giyabos na motarsa ba a tambaye shi ba. Ga shi a gareji, dogo mai furfura, yana shiga motar yana fita, ya kasa zama. Hannunsa yana laluben gefen sitiyari, inda giya take a da, ƙafar hagu tana neman kuloci tana taka iska.

"Baba, otomatik ce yanzu," in ji bakanike. "'Ya'yanka suka ce a hutar da kai."

"Na ce musu na gaji? Ko kukanta ban gane ba!"

Da gani tun yana saurayi yake jan ta. Ku 'ya'yan nan, ga tsohon injin can a yashe. Ku mayar masa da abinsa kafin 'yan gwangwan su kwashe!