Cajar da Kaleb Ya Sayo a Filin Jirgi

Tun tana budurwa Hulda take sayar da busasshiyar citta a kasuwar Kafanchan. Da cittar nan ta riƙe ƙanenta Kaleb bayan rasuwar iyayensu, ta kai shi kwalejin Gidan Waya, har ya samu aiki a Fatakwal. Ko a zumuntar matan coci ba ta cewa "ƙanena", sai dai "yarona".

Shekarar da Kaleb ya fara hawa jirgin sama zai zo Kirsimeti, ya kira ta daga filin jirgi.

"Yaya, ga ni a wani shagon kayan waya. Wane irin baki cajarki take da shi?"

Ta faɗa masa. Kafin la'asar duk layin masu citta sun ji cewa yaron Hulda yana yi mata sayayya a inda manya suke sayayya.

Bai iso gida shi kaɗai ba. Ya biya ta Zonkwa ya ɗauko Damaris, nas ɗin da yake shirin aura. A tsakar gida ya zazzage ledar shagon. Ya miƙa wa Hulda farar caja a kwali. Damaris kuwa ta samu fawabank mai nauyi, wato batirin da ke cajin waya in babu wuta, da abin sauraro na kunne marar igiya, da rigar waya ruwan hoda.

"Yaya, su a asibiti wuta ba ta zama," in ji Kaleb.

"Mu nan ai a ɗakinmu wutar take kwana," Hulda ta ce, ta tashi ta koma wurin tukunya. Ranar gishiri ya yi yawa a miya.

Ba ta buɗe kwalin ba. Ta cusa shi ƙasan akwatin zannuwa, ta ci gaba da kai wayarta rumfar Jamiluddeen mai caji da janareta.

Bayan sabuwar shekara sai ga Damaris a kasuwa. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye fawabank ɗin a kan buhu.

"Anti, ki riƙe. Kin fi ni buƙata."

"Da ni ya nufa, da ni ya ba. Ɗauki kayanki."

Damaris ta mayar da shi jaka, amma ba ta tafi ba. Ta ja kujera ta zauna tana taya ta tsince citta, tana atishawa, idanunta jajir, har aka tashi kasuwa. Hulda ta yini tana satar kallonta, tana neman abin kushewa. Ba ta samu ba, wannan kuma ya ƙara mata haushi.

An ɗaura auren bayan Ista. Hulda ce ta tsaya kan girki, ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Yanzu duk Lahadi bayan sujada Kaleb yakan kira ta, ta yi hira, ta yi dariya. Amma da zarar ya ce, "Yaya, ga Damaris za ta gaishe ki," sai Hulda ta nesanta wayar da bakinta.

"Halo? Halo? Kai, sabis ɗin Kafanchan ɗin nan!"