Ƙonawa ko Binnewa: Jinjina ga Ticha Yasin na Maamobi

Da an sallame sallar asuba a unguwar Maamobi, Ticha Yasin zai sha kokonsa a tsaye, ya rataya jaka, ya nufi bakin titi jiran tirotiro, ƙaramar motar haya. Matasan da ke zaman benci ba sa barinsa ya wuce lafiya. "Ticha, yau ma Indiya? Cale, abokinmu, ka gaishe su!" Sai ya ɗaga musu hannu kawai. Tun da ya ajiye alli a makarantar gwamnati ta Kotobabi, aikinsa ɗaya ne: bin diddigin wata bataliyar sojan ƙasa ta Indiya wadda ta yi yaƙin Bama kafaɗa da kafaɗa da kakanninmu. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa ce masa sannu.

In ban da Hajiya Abibatu. Tsohuwa ce a Nima, ta haura tamanin, ana goyonta Bature ya kwashi mahaifinta, Kofur Mahama, zuwa ƙasar Bama, bai dawo ba. Waɗanda suka dawo sun ce an harbe shi a bakin wani kogi, kuma da aka umarce su su ci gaba, a hannun sojojin Indiya suka bar shi yana numfashi sama-sama. Daga nan bakin unguwa ya ƙarasa labarin: ai Indiyawa ƙona gawa suke yi. Haka yarinya ta tashi, da an yi faɗa a bakin famfo sai a ce mata 'yar ƙonanne. Jikokin sojoji ne mu, amma wallahi mun iya cin naman junanmu.

Ita ta tare Ticha wata rana bayan wani suna. "Ticha, kai da ka yi boko, ka bincika mini. Babana, ƙona shi aka yi ko binnewa? Ina so in sani kafin in bi shi."

Mai sayar da goro a unguwar Tudu shaida ne cewa Ticha ya bi shagunan Indiyawa ɗaya bayan ɗaya, riƙe da wani tambarin tagulla da wani tsohon soja ya samo a hannun sojojin nan. Tambarin ma a buhun 'yan gwangwani ya ceto shi, domin jikokin tsohon sun haɗa shi da lambobin yabo da fasasshiyar tukunya sun sayar a kan sikeli. Wasu masu shago suka ba shi kujera, wasu suka ɗauka bara ya zo. A gidan ajiyar tsoffin takardu na Adabraka ya zauna har idonsa na hagu ya fara yana. Da ya je wurin manyan unguwa neman wanda zai sa baki, sai ɗaya ya ce, "Ticha, ban gane ba kwata-kwata. Mutanen da suka mutu tun zamanin Hitila, me za su ba ka?" Wannan mai tambaya, ranar taron tunawa da sojoji shi ke fara miƙewa yana cewa kakanninmu jarumai ne. Tambaye shi sunan ɗaya ka ga inda-inda.

Kai ne, Ticha, ka gano cewa bataliyar ba jinsi ɗaya ba ce: akwai masu ƙona mamatansu bisa addininsu, akwai Musulmi masu salla irin tamu. Da wani ne, a nan zai tsaya, ya je ya faranta wa tsohuwa rai da rabin magana. Kai ka ƙi. Ka ce sai ka san ɓangaren da ya riƙe bakin kogin a makon da Mahama ya faɗi. Kai ne ka yi ta buga waya har ka samu wani dattijo a Punjab wanda mahaifinsa ya yi soja a cikinsu, kuna lallaɓa Turanci, in ya ƙare ku koma ga 'yan kalmomin Larabci, har ya taimaka maka ka gano ɓangaren. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba a faɗin yawan itacen da ya ƙone.

Ran da amsa ta kammala, Ticha ya samu Hajiya Abibatu a tsakar gida tana tsince wake. Ya durƙusa.

"Mma, waɗanda aka bar Baba a hannunsu Musulmi ne. Da limaminsu suke tafiya."

Ta ajiye faifan. "Ka ga kabarin?"

"Ban gani ba, Mma. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"Ya isa," in ji ta. "Musulmi ba ya tsallake gawar Musulmi."

Ticha ya zaci godiya ce za ta biyo baya. Sai ta dubi ƙofar gida ta ce, "To yanzu wa zan gaya wa? Masu yi mini gori duk suna maƙabarta. Uwata kuwa, har ta koma ga Allah ba ta iya tsayawa kusa da mai gashin nama."

Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Amsar tana nan tun fil azal, ba a kulle take ba. Mai tambaya ne ba a samu ba, sai da zuriya guda ta shige ƙasa da baƙin ciki.

Mun gode, Ticha Yasin, ɗan halak mai bin sawun da ruwa ya shafe. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka maka da abin da Zango, unguwarmu, ta kasa. Ku kuma masu karatu, kowane gida a Nima da Maamobi yana da tsohuwar da ke riƙe da tambayar da ba a amsa mata ba. Ku je ku zauna gabanta yau, tun tana iya jin amsar. Matar Kofur Mahama ba ta ji tata ba.