Ɗauko Motar Baba daga Maraɗi

Asubar ranar Litinin muka tashi daga Kusada, ni da maigida da wansa mai tuƙa motar gyaɗa, wanda nake ce wa Yaya, sai ɗiyata ta goye mai wata bakwai. Ku matan ajinmu na yaƙi da jahilci kun ishe ni da tambaya tun da na dawo, shi ya sa na ce bari in rubuta maku sau ɗaya in huta. In kun ga harafi ya karkace ku yi haƙuri, da hannu ɗaya nake rubutu, ɗayan yana riƙe da yarinya.

Ga abin da ya fitar da ni. Babana ya yi shekara da shekaru yana tuƙa wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa a Maraɗi, can ma aka haife ni. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya bar mashi tsohuwar motarsa da takardunta. Yanzu idon Baba ya yi rauni, tuƙi ya gagara. Da ya ji labarin yadda aka kai ni asibitin Kankiya bisa amalanke ranar da naƙuda ta yi mani gardama, sai ya aiko cewa in zo in ɗauki motar, ya ba ni kyauta, kada a sake kai wata mace haka.

Daga gida zuwa Kankiya jakuna muka hau. Gero ya riga ya sha yanka, dawa ce tsaye tana ja, kowace gona an kifa gyaɗa tana shan rana. Ni dai ban ga kyansu sosai ba, kowane taku sai na kai hannu baya in ji ko yarinya na numfashi. A bakin tashar Kankiya wata Bafillatana ta dama mana fura ta kwabo biyu, nonon har da maiƙo a sama, ta kuma ƙara mani ludayi guda don mai shayarwa ce ni.

Babbar mota muka samu zuwa Katsina. Ni aka sa a gaba albarkacin Yaya, su suka hau bisa buhuna. Hanyar jar ƙasa ce mai gargada, daga Caranci har muka isa haƙorana ba su daina haɗuwa ba. Yarinya kuwa barcinta ta sha, kamar an sa ta a shillo. Muka kwana gidan wata gwaggon maigida, washegari muka bi ta Jibiya muka tsallaka ƙasar Faransa, wato yankin Maraɗi da suke mulki.

Abin da ya fara ba ni mamaki, mutanen can da na nan duk ɗaya ne, har maganar. Hular 'yan sanda ce kawai ta canza, sai kuɗi, sai burodi. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawonsa ya kusa yanka mani dasashi. Na bar Maraɗi ina 'yar shekara goma, ashe duk na manta.

Baba ya gane ni ta murya tun daga zaure. Ya karɓi jikarsa ya shafa kanta ya ce, "Wannan amarya tawa ta fi uwarta nauyi." Sannan ya ja mu bayan gida ya yaye tabarmin da ya rufe motar.

Baƙa ce, doguwar hanci, fitilunta a waje kamar idon kwaɗo, da matakala a gefe. Ta girme ni nesa, shi ya sa Baba ke ce mata Tsohuwa. Da ƙarfe ake murɗa ta ta gaba kafin ta tashi. Ina jin warin kujerunta sai ƙuruciya ta dawo mani, lokacin da nake tsugunawa gefen Baba kowace safiya ina riƙe mashi tsumma yana duba inji. Yaya ya zaga ta sau biyu ya ce, "Baba, wannan ai a haihuwar kaji ta haifi motata." Baba ya ce, "Ta haife ta, kuma za ta je jana'izarta."

Ranar Asabar muka yi sallama. Baba bai raka mu ba, ya tsaya bakin ƙofa yana sauraron injin har muka sha kwana. Ban juya ba, don na san in na juya zan ce a sauke ni.

A kan iyaka aka sha tambaya. 'Yan duwan, wato kwastan na Faransa, suka buga hatimi suka sake mu. Namu na Jibiya suka karɓi kuɗin shigo da kaya, suka ba mu wata takarda mai wa'adin kwana bakwai. Akawun ya yi mana bayani dalla-dalla: in kwana bakwai suka cika ba a yi mata lasin da lamba a Katsina ba, sai dai ta koma inda ta fito. Na ƙulle takardar a bakin zane.

Wani abin kuma, a ƙasar Faransa hannun dama ake bi, a tamu hannun hagu, ita kuwa Tsohuwa sitiyarinta na hagu. Muna barin Jibiya Yaya ya manta ya ci gaba da bin dama, sai ga babbar mota ta nufo mu gadan-gadan. Na ƙwalla ƙara, ya kauce, direban can ya leƙo ya aiko mashi da abin da ba zan rubuta ba. Daga nan har Katsina aikina ke nan daga kujerar baya, "Yaya, hagu!" Ya ce da ya san da ɗan sanda zai yi tafiya da ya sa sabuwar riga.

A ofishin lasin aka ce mana Baturen da ke duba motoci daga Kano yake zuwa, Alhamis ɗaya cikin mako biyu, kuma sai ya gwada mota ya sa hannu ake ba da lamba. Na lissafa da yatsu. Alhamis ita ce kwana na shida. In muka rasa ta, ta gaba ba za ta same mu ba.

Kwanakin jira na yi su gidan gwaggo. Na ga Katsina ta taga da bakin ƙofa: famfo mai zubo ruwa ba guga, mata masu takalmin roba, 'yan keke kamar ƙudaje. Itacen da muke tsinta kyauta a Kusada, a can ɗauri guda sisi. Na ci alkaki har ya ishe ni. Amma ko na kai loma baki, hankalina na kan takardar nan.

Ranar Alhamis da safe ina ciki ina yi wa yarinya wanka, sai na ji ana ta jan ruwa a rijiyar ƙofar gida ana raha. Da na fito, me zan gani? Maigida da maƙwabtan gwaggo sun tasa Tsohuwa gaba da soso da sabulu, sun yi mata irin wankan da ake yi wa amarya. Wai kada Bature ya ga datti ya raina mu. Har murfin inji suka ɗaga suka sheƙa mata guga uku a ciki. Yaya ya tafi sayo fetur, ya dawo ya tarar an gama.

Ya murɗa ƙarfe, shiru. Ya sake, shiru. Muka ce ko sanyin safiya ne. Aka turo ta har filin ofis da hannu, mutum takwas, ni ina biye da goyo ina salati.

Motoci huɗu ke gabanmu. Baturen dogo ne, ga gajeren wando, ga jan wuya, da tafinta a gefensa. Kowace mota sai ya sa a tashe ta, ya ji oda, ya duba fitila, ya karanta lambar inji, sannan ya shiga a zaga da shi a taka birki. Yana gama ta huɗu ya iso kanmu. Ya shafa goshin Tsohuwa yana murmushi, tafinta ya ce wai irinta kakansa ya hau. Yaya ya murɗa har gumi ya jiƙa mashi riga, ba ta ko yi tari ba. Baturen ya duba agogo ya yi magana. Tafinta ya ce, "Zai shiga ya sa hannu a takardun sauran. In ya fito ba ta tashi ba, sai wani zuwan."

Maza suka rufu a kan inji, kowa da tasa. Wani ya ce batir, wani ya ce a kira malami, halan baki ne. Ni ina gefe ƙarƙashin itacen maina. Ina leƙe ta ƙarƙashin hammatarsu sai na hango wata baƙar hula da igiyoyin wuta ke fitowa daga kanta, ruwa na ɗiga a gefenta. Na san hular nan. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, Baba kan ɓalle mata maɗauri biyu, ya gasa tsumma a bakin murhu ya goge cikinta, yana cewa Tsohuwa ba ta son sanyi a ka.

Na matsa kusa da maigida na ce a hankali, "Malam, a ɗan ba ni wuri."

Ya ce, "Ke, cikin maza? Koma ki zauna."

Yaya ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Bar ta. 'Yar mai motar ce, mu baƙi ne."

Tsumman kowa a jiƙe yake da wankin safe. Busasshen ƙyalle ɗaya ne a wurin, majanyin da na goya yarinya. Na kwance na miƙa wa maigida ɗiyarsa, shi da bai taɓa ɗaukarta gaban mutane ba don ta fari ce. Ya riƙe ta nesa da jiki kamar an ba shi tukunyar zafi. Na ruga wurin wata mai suyar ƙosai a bakin filin na ce, "Inna, ara mani wutarki." Ta ce, "Ɗiyata, me za ki soya da majanyi?" Na gasa shi har ya fara ƙauri, na dawo na ɓalle maɗauran nan, na goge cikin hular da bakin kowace igiya ɗaya bayan ɗaya. Sau uku ina zuwa wurin wuta ina dawowa. A na uku na hango Bature ya fito yana gyara hula.

Na rufe na ce, "Yaya, bismillah."

Murɗawar farko ta yi tari. Ta biyu ta ɗauka da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, filin ya kaure da sowa. Mai ƙosai ta rangaɗa guɗa da matsami a hannu. Baturen ya dubi hannuna baƙi ƙirin da mai, ya dubi maigida da jinjira tana tsala kuka, ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya shiga aka zaga da shi, birki ya kama, ya sa hannu.

A ciki akawu ya tambayi sunan mai mota, ya juya wajen maigida. Maigida ya nuna ni. Akawun ya turo mani tawadar dangwale. Na ce, "Malam, a ba ni alƙalami." Na daɗe ina jan haruffan, layi ya hau tudu ya gangara, amma sunana ne, kuma ni na rubuta. Kafin la'asar mai fenti ya rubuta lambar fari a kan baƙi, aka ɗaura gaba da baya.

Juma'a da safe muka kamo hanyar gida. A Kankiya muka tsaya shan ruwa, mutane suka kewaye mu suna tambayar wane Bature ne a ciki, sai suka gan ni ina ba yarinya nono. Daga nan zuwa Kusada hanyar shanu ce, sau biyu rairayi ya riƙe mu, masu roron gyaɗa suka bar gona suka tura. Mun shiga gari ana fitowa daga masallaci. Surukata ta ƙi matsowa sai da aka kashe inji, sannan ta taɓa fitila da yatsa ɗaya ta ce, "Tau, sannu da zuwa."

Na fita ina tsoron komai, na dawo ban fasa ba, har yanzu sai na tashi in duba numfashin yarinya. Abin da tafiyar ta koya mani shi ne, yawan tsayawa kallon aikin mutane da ake yi mani faɗa a kansa tun ina ƙarama ba aikin banza ba ne, kuma mai tsoro ma tana iya buɗe baki in abin ya kai. Tsohuwa na nan ƙofar gida cikin rumfar zana, Yaya na koya wa maigida tuƙi. Duk wadda naƙuda ta tsananta mata, a aiko kawai. Doka ɗaya na kafa, maigida da bakinsa ya sanar da ita a dandali: mai son wanke mota ya wanke, amma ruwa iyakarsa taya.