Jinin da Ya Yi Maiƙo

Bayan samun 'yancin kai, tumbi ya zama shaidar arziki a Illela, kuma babana, dillalin shanu kuma jigon jam'iyya, shi ke da babba. Ban daɗe da gama sakandare ba ya fara kama ƙirji in ya yi tafiya. Ni na raka shi asibitin Sakkwato don in yi masa tafinta.

Likita ya ɗebi jininsa, ya bar shi ya kwana a firji. Washegari ya ɗaga kwalbar: maiƙo ya taso fari fat kamar saman kindirmo, ƙasan kuma ya yi dishi-dishi. Ya ce kitsen jini iri-iri ne, wani ya taso, wani ya gauraye, wani ya ɓuya, kuma da haka suke kintatar wanda zuciya za ta kayar. Na Baba ya haɗa biyu. A bar man shanu, a bar tozo.

Na fassara masa a tsorace. Baba ya yi dariya.

"Ɗiyata, mi kika tsoro? Ko jinina man shanu shika yi!"

Duk da haka na yi ta kuka har ya bi dokar likita. Ya rame, numfashinsa ya daidaita. Sai gari ya fara zuwa jaje.

"Alhaji, lahiya? Ko sammu na?"

'Yan adawa suka ce jam'iyya ta yashe shi. Amininsa Bafulatani, da ke kawo ƙwaryar man shanu daga Kalmalo duk ranar kasuwa, ya ga an mayar masa da ita, ya daina gaishe mu.

Ranar kasuwa ta gaba Baba ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, inda kowa zai gani, ya sa aka malale tuwo da mai.

"Ki hwaɗa ma likitanki, gara zuciya da bakin mutane."

Tumbi ya dawo, mutunci ya dawo. Kafin kaka ya faɗi a kara, cikin shanunsa, hannu a ƙirji.

Masu ɗaukar makara sai da suka yi ta canji. Na ji wani yana cewa, "Madalla, ya tahi da jikinai."

Likitan ya ce abin na bin jini, in kai nawa. Har yau ban iya ba. Jiya gwaggona ta dube ni, ta tura mini ƙwaryar tuwo malale da man shanu.

"Ci, ɗiyata. Kar a ce maraici ya kama ki."