Ranar da Babur Ya Ƙi Kawo Wuta a Hanyar Garki

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen Turawan da na yi wa aiki sun soma zubewa, amma akwai yini ɗaya da ko daga barci aka tashe ni zan kawo shi daki-daki. Shi ne ranar da babur ya mace mini a dokar daji, tsakanin Aujara da gulbi.

A lokacin ina malamin dabbobi na En'e, hukumar sarki, a Dutse, ina bi ruga-ruga ina yi wa shanu allura. Babur ɗin tsoho ne tukuf, sai da wani Bature ya gama cin moriyarsa aka miƙo mini. Duk da haka irinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba a ƙasar, don haka kaina ya yi girma. Kallo kam ina shan sa, amma ba mai zama da ni. Mutanen gari na ganin na zama ɗan Nasara, Nasara kuwa yaronsa ya ɗauke ni. Ni kaɗai nake cin tuwona.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mahaifina. Malami ne a Aujara mai makarantar allo, kamar yadda ubansa ya yi. Tun da hakimi ya sa aka kai ni boko, na gama kuma na ƙi dawowa, ya janye bakinsa daga kaina. Bai tsine mini ba, bai kuma sa mini albarka ba. In na gaishe shi ya ce "Lafiya," ya mai da ido kan littafi. Ni kuwa da zuciyar tsiya, maimakon in lallashe shi sai na ce kowa tasa ta fisshe shi.

Rannan cikin damina takarda ta zo an mai da ni Garki. Na biya gida sallama, na kafe babur a zaure, na kwana. Dab da azahar na durƙusa gabansa.

"Malam, an yi mini canji zuwa Garki. Yau zan wuce."

"To," ya ce.

Na jira. Kalma huɗu kawai nake jira, Allah ya kiyaye hanya, abin da yake faɗa wa kowane falke da ya kwana a zaurensa. Bai faɗa ba. Inna ce ta biyo ni da ƙullin dakuwa tana cewa, "Ka yi haƙuri da shi, ka san halinsa." Na ce, "Inna, na sani. Ni dai uba a suna nake da shi." Allah ya yafe mini wannan magana.

Na fita a fusace. Bayan azahar ruwa ya kama ni, na ƙi fakewa, na yi ta kutsawa cikinsa. Yana ɗaukewa babur ya soma tari, ya ja ya saki, ya ja ya saki, sannan ya yi tsit. Wurin ba gida, ba gona, sai kalgo da sabara da kukan kwaɗi.

Tsohon makaniken da ya koya mini babur a Kano yakan ce, "Abu biyu yake ci, mai da wuta. In ya mutu kada ka zage shi, tambaye shi wanne ya rasa." Na fara da zagin tukuna, sannan na tambaya. Fetur na nan, na zare tiyo na ga yana zuba. Saura wuta. Na kwance fulogi, na same shi jiƙe, baƙi ƙirin. Na goge, na kankare da bakin wuƙa, na maƙala shi a wayarsa, na ɗora a jikin inji, na buga babur ɗin. Lafiyayyen fulogi zai yi tartsatsi shuɗi a bakinsa, nawa kuwa ko ƙyas. Na ciro sabo daga jaka, shi ma shiru. Ashe fulogi ba shi da laifi.

Na koma kan maganeto, ɗan akwatin da ke haifar da wutar. Na buɗe murfinsa, na share danshi, na zura takarda tsakanin 'yan bakunan ƙarfe biyu da ke buɗewa suna rufewa, na goge su. Shiru. A ƙarshe na yi abin da tsohon makaniken ya ce sai dabara ta ƙare: na riƙe bakin wayar da yatsuna na buga, ina fatan ta fizge ni. Ban taɓa marmarin azaba irin na ranar ba. Abin da na ji bai fi tafiyar tururuwa ba.

Na zauna a kan wani gungume. Can na hango wani Bafulatani da garkensa, na ɗaga murya na yi masa sallama. Da ya ga kakin aiki a jikina sai ya karkata da shanunsa, ya ɗauka mai jangali ne, ko waiwaye bai yi ba. Nan kaɗaici ya danne ni, har na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Na ce in na mutu a nan wa zai neme ni? Baturen da nake yi wa aiki dai zai nemi babur ɗinsa.

Na yi la'asar, hadari ya sake haɗowa, gari ya yi duhu. Na sake bugawa don haushi kawai, sai na ji wata 'yar ƙara, ƙyat, daga ƙarƙashin tanki. Na durƙusa na danna abin bugun da hannu ina leƙe. Ga tartsatsi nan shuɗi shar. Wutar tana nan lafiya lau, tsallakewa take yi zuwa jikin ƙarfe tun kafin ta kai fulogi.

Na zura hannu na taɓo wani abu mai laushi, jiƙe sharkaf. Laya ce 'yar ƙarama, ɗinke cikin jar fata. Wanda ya ɗaura ta ya haɗa da wayar wuta ya tamke a jikin ƙarfe, ya ɗauka igiya ce kamar kowace igiya. Robar wayar da ma ta tsufa ta tsattsage, ruwa ya jiƙa fatar, wuta ta sami gajeriyar hanya.

Na san ƙullin. Shi Malam yake yi wa gafakar littafinsa, ƙulli biyu a jere, a cusa jelar igiyar ta ƙasa. A gidanmu ba a barin doki ya yi doguwar tafiya ba laya a wuyansa. Malam ya duba wannan dokin bai ga wuya ba, sai ya durƙusa da ciwon gwiwarsa, lokacin ina ciki wajen Inna, ya nemi inda ba zan gani ba.

Na kwance ta na rataya a wuyana. Na busar da wayar, na naɗe tsagar da robar tsohon tiyub, na janye ta daga ƙarfe. Na mai da fulogi, bugu ɗaya ya tashi.

Na daɗe a tsaye babur na ruri. Aujara na bayana, ba ta fi tafiyar sa'a ɗaya ba. A gabana ga gulbi, masu fito suna tashi kafin magariba, Bature kuma na jira na da safe. Na ce in an yi hutun salla na je na durƙusa na gode masa. Na wuce.

Malam bai kai salla ba.

Da na je zaman makoki Inna ta ga layar a wuyana. Ta ce, "Ashe ka gan ta. Tun ran da ya ji an ba ka abin hawan nan ya rubuta ta, tana ƙarƙashin buzunsa, ya rasa yadda zai miƙa maka. Bayan tafiyarka duk wanda ya zo daga arewa sai ya tambaye shi ko ka sauka lafiya."

Har yau layar tana wurina. Na gyara babura da yawa bayan wannan, kuma in ban ga wuta a fulogi ba, ba na saurin cewa maganeto ya mutu, bin wayar nake yi a hankali. Haka na koyi yi da mutane masu shiru, ko da yake na koya a makare. Abin da ban yafe wa kaina ba shi ne tafiyar sa'a ɗayan nan. In ka gano wani na ƙaunarka, ka juya a ranar, kada ka ajiye godiya sai salla.